A Biya Gona, Kuma a Biya da Wuri

Ruwa yakan ci gonakin fadamar Haɗeja ne daga ƙarshen Agusta zuwa cikin Satumba. Alkama kuwa, lokacin shukarta a ƙasarmu bai wuce tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ba. Wanda ya makara, zafin bazara zai riski alkamarsa tana cikin ɗaukar ido, ta motse, wahalarsa ta tafi a banza. Ke nan tsakanin ranar da manomi ya tsaya a kan jinga yana kallon ruwa shimfiɗe a inda shinkafarsa take, da ranar da ya kamata ya watsa irin rani, wata biyu ne da 'yan kwanaki. A ɗan wannan tsakanin ne ake gane ko gida zai miƙe ko zai durƙushe. Tallafin da ya iso a cikinsa jari ne. Wanda ya iso bayansa, ko ya fi yawa, cefane ne kawai.

Abin da aka saba yi kowa ya san shi. Ruwa ya shigo gari, a kwashe mata da yara zuwa makarantar firamare, manya su zo jaje, bayan kwanaki motocin hukumar agajin gaggawa ta jiha da ta tarayya su sauke shinkafa da masara da man girki da tabarmi da gidajen sauro, wani lokaci har da kwanon rufi da siminti. Ban raina wannan ba. Duk wanda ya taɓa ganin uwa ta kwana a dandaryar simintin aji da jariri a ƙirji ba zai raina tabarma ba. Allah ya saka wa masu kawowa da alheri. Sai dai wannan agajin ciki ne da makwanci. Gonar da ta tafi fa, wa ya tambayi labarinta?

Mutumin birni in ya ji an ce ruwa ya ci gona, sai ya ɗauka amfanin da ba a girbe ba ne kaɗai aka rasa. Ina! Kafin ruwan ya zo, mai gonar ya riga ya zuba duk abin da ya mallaka a cikinta. Ya biya kuɗin haya in gonar ba tasa ba ce. Ya biya mai tarakta ko mai shanun huɗa. Ya sayi iri da maganin ciyawa, ya biya 'yan dashe, ya zuba taki, ga shi kuwa a 'yan shekarun nan babu wanda bai san yadda kuɗin taki ya tashi ba. Kuɗin nan ba ajiyayyu ba ne. Wani bijimin da ya shekara yana kiwo ya kai kasuwa, wani awakin matarsa ya roƙa, wani kuma wajen ɗan kasuwa ya karɓo a kan in kaka ta yi zai biya da buhunan shanshera. Ambaliya kuma ba ta zuwa da wuri, lokacin da asarar ba ta wuce ta iri ba. Sai shinkafa ta yi ciki, ta fara fitar da kai, an gama kashe mata komai, sannan take isowa.

Akwai wani aiki da ake yi a ƙasar nan wanda ya kamata duk mai raba tallafi ya gani da idonsa, wato yankan shinkafa a cikin ruwa. Magidanci da 'ya'yansa su shiga kwalekwale, ko su kutsa da ƙafa, ruwa iya ƙirji, lauje a hannu, suna lalubo kawunan da suka ɗan leƙo sama suna yanka. Yawancinta ba ta gama nuna ba. A kwaso a shanya a bakin kwalta ko a kan wani tudu, ta yi baƙi-baƙi, wata ma ta tsiro tun ba ta bushe ba. In an buge ta an kai kasuwa, dillali ya damƙo ya murza a tafin hannu, ya ga ƙaiƙayi da karyayyen ido, sai ya taya ta da kuɗin abincin kaji. Mutumin da ya shiga ruwa ya yi wannan aiki, ba a kiransa rago mai jiran gwamnati. Abin da yake nema shi ne abin da zai sake tayar da garmarsa kafin lokaci ya ƙure.

Na san akwai masu cewa ambaliya ƙaddara ce, ba gwamnati ta saukar da ruwan sama ba, saboda haka duk abin da ta bayar kyauta ce, a karɓa a yi godiya. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma kogin Haɗeja na yau ba shi ne wanda kakanninmu suka sani ba, kuma hannun hukuma ne ya sauya shi.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano. Lokacin Haɗeja tana cikin jihar Kano, don sai a 1991 aka yanki Jigawa. A 1992 aka ƙara da madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye. Kogin Kano da kogin Challawa su ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Ringim da Taura da Miga, ya sauko Auyo da Haɗeja, daga nan ya rarrabu cikin fadamun Kiri Kasamma da Guri har Nguru. Madatsun biyu su ke riƙe da mafi yawan ruwan kogin, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta gwamnatin tarayya ce, ita ke kula da su.

A da, kogin yakan cika da damina, ya malala a fadama, ya janye da kaka ya bar laka mai taki, da rani kuma ya ƙafe har a tsallaka shi da ƙafa. Manomi ya san lokacin zuwansa, ya san iyakarsa. Yana da irin shinkafar da ke bin ruwa tana tashi. In ruwa ya janye, ya bi danshi ya shuka wake, masunci ya kama kifinsa, Bafulatani ya sauko da shanu. Da aka fara sakin ruwa daga madatsun rani da damina, don noman rani da ruwan shan birnin Kano, sai hanyoyin ruwan suka daina bushewa. Abin da ciyawar kacalla ke so ke nan. Ta cika magudanan, ta tare yashi da laka, gindin kogi ya taso, wasu rassan suka toshe ɗungurungum, ruwa ya karkata zuwa wasu, kamar hanyar Marma mai zuwa Nguru. Gonaki da yawa da ake nomawa a da, yau shekara da shekaru suna ƙarƙashin kacalla. Tsuntsuwar jan-baki kuma ta samu makwanci a cikinta, da asuba ta tashi ta afka wa shinkafa da gero. Shekarar da ruwan sama ya yi yawa, madatsun suka cika suka tumbatsa, ruwan da ya gangaro ba ya samun tsohuwar hanyarsa. Dole ya nemi wata, ta cikin gonakin mutane.

A Satumban 2010 gwamnatin Jigawa ta fito ta ce sakin ruwan Tiga da Challawa ne ya jawo ambaliyar shekarar, hukumar kogunan ta musanta, ta ce ruwan sama ne. An sha irin wannan jayayya, kuma manomi ba ya ƙaruwa da komai a cikinta. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne kacalla da toshewar kogi bayan madatsu suka biyo. Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna abin da fadamar ke samarwa ta noma da su da itacen girki, suka nuna cewa ruwan da aka bar wa fadama ya fi kawo amfani a kan kwatankwacinsa da aka karkatar zuwa babban aikin ban-ruwa na kogin Kano. Ban kawo wannan don in ce a rushe Tiga ba. Manomin Kura da Bunkure da Kadawa ɗan'uwanmu ne, tumatir da shinkafar da yake nomawa ƙasa duka ke ci, kuma mu ma muna shan romon madatsun a aikin ban-ruwa na Auyo, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023. Maganata ita ce, tun da ribar ta ƙasa ce baki ɗaya, bai dace asarar ta tsaya a kan mutanen ƙasan kogi su kaɗai ba. Abin da za a ba su bashi ne ake biya, kuma bashi yana da adadi, yana da wa'adi.

Duba yadda aka yi ta yi a baya. A 2012, da ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin Najeriya ta kuma raba sama da miliyan 2 da gidajensu, Shugaba Goodluck Jonathan ya ware naira biliyan 17.6. Aka kasa jihohi aji huɗu, Jigawa ta faɗa aji na biyu mai naira miliyan 400. Ajin jiha aka duba, ba a ƙirga gonaki ba. A 2022 aka yi wadda ta fi ta muni, sama da mutum 600 suka rasu a ƙasar, fiye da ɗari a Jigawa kaɗai. Kayan farfaɗo da sana'a da gwamnatin tarayya ta ware wa mutanen da ambaliyar ta shafa, irin su iri da taki da injinan ban-ruwa da kekunan ɗinki da injinan niƙa, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, NEMA, cikin 2023 ta yi ta raba su. Wato ranin da ya biyo bayan ambaliyar ya zo ya wuce. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta ba kowace jiha naira biliyan 3 don tunkarar ambaliya, daidai wa daida, da wadda ruwa ya cinye da wadda ya ɗan taɓa. Kuɗi dai suna fitowa, ba a ce ba sa fitowa ba. Amma a duk waɗannan shekaru, babu ranar da manomin Kaugama ko Malam Madori zai iya cewa: gonata kadada kaza ce, ruwa ya ci, abin da doka ta ce a ba ni kaza ne, ranar kaza. Abin da yake iya cewa bai wuce "an zo an rubuta sunanmu" ba.

A wajen rubuta sunan nan ne ɓarnar ta fi yawa, kuma a nan nake so in ɗan tsaya. Ana rubuta sunaye ne bayan ruwa ya ci, lokacin da kowa ya san akwai abin da za a raba. Jami'i ya zo a gaggauce, hanya ta yanke, ba zai iya shiga ƙauyukan da ke can cikin ruwa ba, sai ya tsaya inda mota ta iya kaiwa ya nemi a kawo masa takarda. Takardar ta bi ta hannun bulama ko dagaci, ta bi ta hannun kansila, ta bi ta hannun shugaban jam'iyya na mazaɓa. A cikinsu akwai masu tsoron Allah da yawa, na sani. Amma ko mai tsoron Allah, in aka ce masa ya kawo suna hamsin daga garin da gida ɗari uku suka yi asara, an ɗora masa abin da ba zai fita da mutunci ba. Wanda ba mai tsoron Allah ba kuwa, kakarsa ta yanke saƙa. Ranar rabo a harabar sakatariya, za ka ga dattijo ya taso tun asuba, ya biya kuɗin kwalekwale ya biya na babur, ya wuni a rana da ɗan katinsa a hannu, la'asar ta yi a haɗa su su huɗu a kan buhu ɗaya. A bakin ƙofa kuma ga 'yan kasuwa na tsaye suna saye a hannun waɗanda ko kuɗin komawa gida ba su da shi.

Sannan akwai waɗanda takardar ba ta taɓa ganinsu. Na farko shi ne mai noman haya ko aro ko jingina. Fadama cike take da su. Mai ƙasa yana Haɗeja ko Dutse ko Kano, ya karɓi kuɗin hayarsa tun bazara, wanda ya zuba jari ya sha laka wani ne daban, amma in aka tambayi gonar wane ne ruwa ya ci, sunan mai ƙasa ake faɗa. Na biyu mata. Gayaunar mace da 'yar shinkafarta da kuɓewarta, da tumakin da take kiwo a bayan ɗaki, duk ana lissafa su a cikin "gidan wane", abin da aka bayar kuma hannun wane yake shiga. Matan da ke turara shinkafa su sayar, in gonaki suka nutse sana'arsu ta nutse, ba su da layi a takardar kowa. Haka ɗan ƙwadagon da ke jiran yankan shinkafa ya samu na sallar 'ya'yansa. Haka makiyayin da ruwa ya rufe masa makiyaya da burtali, ya tura shi kan tudu cikin sauran gonakin da suka tsira. Rikicin manomi da makiyayi da ake yawan ji a Guri da Kiri Kasamma, wani ɓangarensa daga irin wannan matsi yake tasowa, kuma tsarin da ya biya manomi ya manta da makiyayi ƙara wa wutar itace zai yi.

Maganin wannan ba sabon abu ba ne a duniya, ba kuma baƙo ba ne a wurinmu. A fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure, akwai babin annobar da ke faɗa wa 'ya'yan itacen da aka sayar tun suna bisa: in abin da ya lalace ya kai sulusi, ana sauke wa mai saye gwargwadon asarar daga kuɗin da ke kansa. Magabata ba su bar lamarin ga tausayin mai sayarwa ba, ma'auni suka sa. A Indiya gwamnati ta rubuta ƙa'idar asusun bala'o'i: in asarar amfanin gona ta kai kashi 33 cikin 100, manomi yana da adadi sananne a kan kowace hekta, gonar damina da kuɗinta, ta ban-ruwa da nata, kuma ba a biyan mutum fiye da hekta 2. Manoman can ma suna kukan kuɗin ya yi kaɗan, wani lokaci ya makara, amma da takarda a hannu suke kukan, suna da abin da za su nuna wa jami'i ko alƙali. A Amurka kuwa, tun shekarun 1930 gundumomin karkara ke da kwamitocin manoma da manoman yankin ke zaɓa da ƙuri'a, su ke sa ido a kan yadda ake tafiyar da shirye-shiryen ma'aikatar gona, har da biyan asarar bala'i.

Abin da nake kira a yi a Jigawa shi ne a rubuta sunan manomi tun ruwa bai zo ba. Cikin Yuni da Yuli, lokacin da shuka ke ƙasa kuma babu wanda ya san gonar wa ruwa zai ci, malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jiha, JARDA, su bi fadama da wayar hannu su ɗauki sunan wanda ke noma gonar a bana, da girmanta, da abin da aka shuka, da inda take. A karanta sunayen a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, a manna su a ƙofar dagaci da bakin kasuwa, duk mai ƙorafi ya kawo. A ƙauye ba a ɓoye gona. Kowa ya san iyakar kowa, in aka karanta sunan wanda ko fartanya bai taɓa riƙewa ba, tun daga sahun baya za a ce ƙarya ne. In ruwa ya zo, hoton tauraron ɗan'adam yana nuna inda ya kwanta da tsawon kwanakin da ya yi, sai a ɗora shi a kan rajistar, kwamitin gari mai wakilin manoma da na mata da na masunta da na makiyaya ya tabbatar. Daga nan a biya kowa bisa girman gonarsa, da iyakar da ba za a wuce ba, don kada mai kadada hamsin ya kwashe rabon mutum hamsin. Kuɗin su shiga asusun mutum kai tsaye, na mace ya shiga hannunta. Doka kuma ta yanka wa'adi: kafin Oktoba ya fita.

Nawa za a biya? Ba na cewa a mayar wa kowa duk abin da ya rasa, babu baitulmalin da zai iya. A auna abin da zai ishi mutum ya tayar da ƙaramar gonar rani: iri, taki, man injin ban-ruwa. A Nuwamban 2023 a yankin Haɗeja aka ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa, inda gwamnati ke ɗauke rabin kuɗin kayan noma, manomi ya biya rabi. Shiri ne mai kyau. Amma wanda ruwa ya cinye wa damina a Satumba, ina zai samo rabin? Sai mai hali ya biya ya karɓa, mai asara ya zama ɗan ƙwadago a gonarsa. Da kuɗin ambaliya suna isowa a Oktoba, su ne za su zama wannan rabin, shirin biyu su haɗu su ɗaga mutum ɗaya. Manomin gero da dawa na kan tudu, wanda ba shi da fadamar noman rani, shi ma kuɗin za su hana shi sayar da 'yar akuyar da ta rage ko barin gida ya tafi cirani tun kaka.

Za a ce in aka ba talaka kuɗi a hannu, aure zai ƙara. Wannan magana ta daɗe ana yinta, kuma raini ne. Mutumin da ya san ranar da ya kamata ya zuba taki, ya san abin da zai sayar ya saya, shi za a ce bai san inda zai sa kuɗinsa ba? In ma ya ɗebi wani abu ya sayi hatsi ko maganin zazzaɓin yaro, ai wanda bai ci ba ba ya noma. Kayan da ake sayowa ta hannun 'yan kwangila su suka fi tsiyaya a hanya, kuma su ne ke zuwa da irin da bai dace da ƙasar ba, ko keken ɗinki ga wanda injin ban-ruwa yake buƙata. Za a kuma ce su tashi daga bakin kogi mana. Gida ana iya matsar da shi kan tudu, kuma garuruwan da ruwa ke ci duk shekara ya kamata a ba su fili. Gona kuwa ba ta tashi. Fadamar nan ita ce rumbun Jigawa, shinkafar da injinan casa na Haɗeja da Kano ke jira daga cikinta take fitowa.

Sai maganar bashi, wadda ba a cika tayar da ita ba. Shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya zo da inshora a cikinsa, ana lissafa kuɗinta a cikin bashin. Hukumar inshorar noma ta ƙasa, NAIC, tun 1987 shirinta yake, kuma bisa tsarinsa gwamnati ke biya wa manomi rabin kuɗin inshorar. To, manoma nawa ne a fadama suka taɓa riƙe takardar inshorarsu a hannu, aka karanta musu da Hausa, aka gaya musu wa za su kira da cikin kwana nawa in ruwa ya ci gona? Duk bashin da gwamnati ke da hannu a ciki, ya kamata a rubuta tun farko cewa gonar da aka tabbatar ruwa ya ci, an ɗage biyanta zuwa girbin rani ba tare da ƙarin komai ba. Littattafan tarihi sun kawo cewa a shekarar yunwar da ta auka wa Madina a zamanin Sayyidina Umar, shekara ta 18 bayan Hijira, ya jinkirta karɓar zakka sai da aka samu sauƙi. In hakkin Allah an jinkirta shi saboda halin da mutane ke ciki, ina ga bashin taki? Masu ƙyamar inshora saboda addini kuma, ga tsarin takaful nan yana aiki a ƙasar, a kawo musu shi.

Akwai ma matakin da ya fi wannan. Tun 2013 hukumar kula da ruwa ta ƙasa, NIHSA, ke fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, tana ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari da sunansu. Ruwan da ya wuce Wudil kuma sai ya yi kwanaki kafin ya iso Haɗeja. A Bangaladash, cikin Yulin 2020, Majalisar Ɗinkin Duniya ta saki dala miliyan 5.2 tun ambaliyar kogin Jamuna ba ta kai ƙarshen cikarta ba, aka tura wa gidaje kuɗi ta waya, suka kwashe dabbobi da hatsi suka tanadi abinci. Mu ma da rajista na nan, ɗan abin da zai biya kwalekwale da 'yan yanka zai iya isa ga manomi kwanaki kafin ruwa, ya ceci abin da ya nuna. Amma wannan sai an yi rajistar tukuna.

Daga ina kuɗin za su fito? Asusun kula da muhalli yana nan tun 1981, tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi kowa na karɓar kasonsa. A yanki wani abu sananne daga ciki kowace shekara a ajiye a asusun da ba a taɓawa sai don wannan, shekarar da ruwa bai yi ɓarna ba kuɗin su taru. Gwamnatin tarayya, mai madatsun, ita ya kamata ta ɗauki kaso mafi tsoka, kuma wakilanmu a Abuja su ne za su faɗa mata haka. Aikin yashe kogi da cire kacalla da gwamnatin jiha ta sa hannu a kai bayan ambaliyar 2022, har ta sayo motocin haƙa masu tafiya a kan ruwa, a ci gaba da shi ba fashi, domin kowace hanyar ruwa da aka buɗe rage yawan masu neman biya take yi. Haka jingar da samarin Haɗeja ke kwana suna ɗaurewa da buhunan ƙasa duk shekarar da ruwa ya taso, lokaci ya yi da za a gina ta gini mai ɗorewa.

Mai girma Gwamna Malam Umar Namadi ɗan Kafin Hausa ne, yana mataimakin gwamna aka yi ambaliyar 2022, ba sai an ba shi labarin kogin nan ba. Amma abin da nake roƙo bai kamata ya rataya a kan kirkin gwamna ɗaya ba, don gwamna wa'adi gare shi. Doka ake buƙata daga Majalisar Dokokin Jigawa, wadda za ta faɗi wanda ke yin rajista da watan da za a yi ta, da ma'aunin asara, da adadin kuɗin kowace hekta da yadda za a riƙa sabunta shi, da ranar ƙarshe ta biya, da inda manomi zai kai ƙara in an tsallake shi. Majalisar kujera 30 gare ta. 'Yan majalisar da suka fito daga ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, in suka haɗa kai da takwarorinsu na Ringim da Taura da Miga da Jahun, sun isa su gabatar da ƙudurin da kansu, ba sai sun jira ya fito daga gidan gwamnati ba. Ƙungiyoyin manoman shinkafa da na alkama da na masunta da na makiyaya su zauna su rubuta abin da suke so a ciki, su nemi albarkar Mai Martaba Sarkin Haɗeja, Alhaji Adamu Abubakar Maje, sannan su kai wa kowane ɗan majalisa kwafinsa har gida.